Hasken Rana da Kasuwancinmu: Daga Rumfa Zuwa Shagon Siminti

Duk wanda ya taɓa sayen yadi a babbar kasuwar Garuwa ya san wannan al'ada: kafin a yi ciniki, sai mai saye ya ɗauki yadin ya fito bakin ƙofa ya duba launinsa a rana. Al'adar tsohuwa ce, domin tun fil azal da hasken rana Bahaushe yake kasuwancinsa.

Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), da rana take ci, da magariba ta watse. Rumfa ba ta da bango a gaba. Rufinta yana tare zafi, haske kuwa yana shigowa ta gefe. Fatakenmu da suka gangaro ƙasar Adamawa suka zauna a bakin Binuwai, da wannan tsari suka zo. Maɗinkin riga da baduku a bakin zaure suke zama, inda haske ya wadata, rana kuma ba ta dukansu. Magina kuwa sukan buɗe ƙananan tagogi can sama a bango mai kauri, a shafe ciki da farar ƙasa don ɗaki ya yi haske. Fitilar mai da aci-balbal na masu tallan dare ne kawai.

Zuwan siminti da kwano ya sauya fasalin shago. Tsoron ɓarayi da gobara ya sa aka riƙa gina ɗakuna masu zurfi, babu taga, sai ƙofar ƙarfe. Da aka kammala madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, mai ƙarfin megawat 72, wutar lantarki ta samu, kunna ƙwan fitila da tsakar rana ya zama ruwan dare.

Amma Lagdo da damina ta dogara. A shekarun 2020 da 2021 ruwan madatsar ya ja baya ƙwarai, aka shiga ɗauke wuta a Garuwa da Marwa da Ngaundare. Tela ya zauna cikin duhu, alhali rana tana ƙwallewa a saman kwanonsa. Wannan ƙarancin na daga cikin dalilan da suka sa aka kafa tashoshin wuta masu aiki da hasken rana a Gidar da Marwa.

A manyan kantuna da ofisoshin Turai da Amurka, yanzu akan saka wata 'yar na'ura mai auna hasken da ke shigowa ta taga ko ta rufi. Idan ya yawaita, sai ta rage ƙarfin fitilu ko ta kashe su. Idan hadari ya haɗo, ta ƙara. Na'urar ce sabuwa, amma dabarar ta magabata ce.

Sai dai a garin da zafin Maris da Afrilu yake haura digiri 40, haske ake so, ba zafi ba. Tagar da ke duban arewa ko kudu, a ƙarƙashin rufi mai baranda, ta fi wadda ke duban yamma sanyi. Farin fenti a bango da tagar sama mai sandunan ƙarfe ba su fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa ba. Mai shirin gina shago, ya fara tambayar magininsa ta ina haske zai shigo, kafin a yi maganar wayar lantarki.