Madubin Jawo-Nesa da Amanar Hoto: Tarihin Ɗaukar Hoton Tsuntsayen Ruwa daga Kuala Lumpur

Gabatarwa

Jalan Semarak titi ne da ya reshe daga babban titin Tun Razak a birnin Kuala Lumpur. A zamanin mulkin Ingila sunan Gurney yake amsawa, a shekarar 2014 kuma hukuma ta sake masa suna zuwa Jalan Sultan Yahya Petra, ko da yake tsohon sunan bai bar bakin mutane ba. Ɗaliban Nijeriya da suka yi karatu a reshen Jami'ar Fasaha ta Malesiya da ke kan titin sun san shi sarai. Ba nisa da shi akwai tafkin Titiwangsa, wurin shaƙatawa inda ake ganin masu kyamara da sassafe sun kafa dogayen madubai suna dakon zalɓe da dangin balbela. Asalin tafkin ramin haƙar kuza ne da ruwa ya cike, irin kududdufan da haƙar kuza ta bari a tsaunukan Jos. Wannan maƙala ta bi tarihin wannan sana'a ta dako a bakin ruwa, domin nuna cewa darajar hoton tsuntsu tun farko a kan abu guda ta ginu, wato yardar mai kallo cewa abin da ya gani haka yake a inda aka ɗauke shi. Kwaskwarimar kwamfuta ita ce take jarraba wannan yarda a yau.

Kafin zuwan dogon madubi

Tsuntsun ruwa yana da wuyar kusanta. A fili yake zaune, babu duhuwar da mutum zai laɓe a cikinta, kuma idonsa ya fi na mai nemansa. Masu ɗaukar hoto na ƙarshen ƙarni na 19 suna ɗauke da manyan akwatuna da fallayen gilashi masu jinkirin kama haske, saboda haka ba su da zaɓi illa su je har bakin sheƙa su jira. 'Yan'uwa biyu na Ingila, Richard da Cherry Kearton, waɗanda suka wallafa littafin sheƙunan tsuntsayen Birtaniya a 1895 da hotuna zalla maimakon zane, har fatar sa suka sa aka ɗinka musu a kan katako, mutum ya shige ciki da kyamararsa. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, domin dabarar maharbinmu ce da ke ɗaura kan burtu a goshi ya rarrafa cikin ciyawa har ya isa ga namun daji.

A 1891 ne Thomas Dallmeyer a Landan da Adolf Miethe a Jamus, kowanne a nasa ɓangaren, suka fito da madubin da za mu kira madubin jawo-nesa. Sirrinsa gilasai ne kashi biyu: na gaba yana tattara haske, na baya yana ɗan buɗa shi, sai a sami girman hoto irin na doguwar na'ura a cikin bututun da bai kai ta tsawo ba. Amfaninsa ga tsuntsu a bayyane yake, tunda uwa ba sai an kore ta daga kan ƙwai ba kafin a sami hotonta. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba. Madubin da kansa yana sauya abin da ido ya gani: yana dusashe duk abin da ke bayan tsuntsu, yana kuma matse tazara har abubuwa biyu masu nisa da juna su zama kamar suna kafaɗa da kafaɗa. Ke nan zaɓe da ragi sun shiga hoton tun kafin a kai shi ɗakin wanki.

Duk da haka mutane sun karɓi hoto a matsayin shaida, kuma shaidar ta yi aiki. A 1906 Arthur Mattingley ya shiga fadamun Mathoura na ƙasar Ostireliya ya ɗauki hotunan 'ya'yan fararen zalɓe suna mutuwa da yunwa a sheƙa bayan maharba sun kashe iyayensu saboda gashin da ake yi wa hulunan mata ado da shi. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya ta yaɗa hotunan a titunan Landan, suka zama cikin abubuwan da suka kai ga dokar 1921 da ta hana shigo da irin wannan gashi. A 1911 kuma hoton da Emma Turner ta ɗauka na wani ɗan tsuntsun kyauro a fadamun Norfolk shi ya tabbatar da cewa irinsa ya dawo yana hayayyafa a Ingila bayan an ɗauka ya ƙare a can. Da zane ne, da an ce mai zanen ya ƙara gishiri.

Loke Wan Tho: dukiyar kuza, haƙurin masunci

Babban suna a tarihin wannan fanni a Malaya ɗan Kuala Lumpur ne. An haifi Loke Wan Tho a birnin a 1915. Mahaifinsa, Loke Yew, ya zo daga Sin yana matashi ba shi da komai, ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran ƙasar, kuza kuwa tana cikin tushen arzikinsa. Ya rasu a 1917, yaron bai cika shekara biyu ba. Akwai abin lura a nan: masana'antar da ta yayyaga ƙasar kwarin Klang ta bar ramukan da tsuntsayen ruwa ke kiwo a cikinsu yanzu, ita ce kuma ta samar da kuɗin da aka sayi kyamarorin da suka adana kamannin tsuntsayen ƙasar.

Loke ya yi karatu a Victoria Institution, sannan a Siwizalan da Jami'ar Kambirij. Duniya ta fi saninsa da harkar silima, domin shi ya jagoranci kamfanin Cathay mai gidajen kallo da masana'antar fim a Singafo da Malaya da Hong Kong. Yaƙi ne ya haɗa shi da malaminsa. A 1942, da Japan ta tunkari Singafo, ya gudu ta teku, aka jefa wa jirgin bam, ya ji rauni, daga ƙarshe ya isa Bombay. A can ya haɗu da Salim Ali, mashahurin masanin tsuntsayen Indiya, wanda ya tafi da shi binciken yankin Kutch. Abotarsu ta ɗore har ƙarshen ran Loke, kuma a wurin Salim Ali ya koyi ɗabi'ar da ta bambanta shi da mai neman hoton ado kawai: a rubuta wuri, a rubuta rana, a lura da abin da tsuntsun ke yi.

Aikinsa da aka fi tunawa shi ne na gaggafar teku mai farin ciki, wadda ke sheƙa a ƙololuwar dogayen itatuwa. Maimakon ya tsaya a ƙasa ya dogara da madubi, sai ya sa aka gina masa hasumiyar katako mai tsayin fiye da ƙafa ɗari a gefen itacen, ya riƙa hawa yana zama a 'yar bukkar da ke samanta yana jira. Littafinsa na 1957, A Company of Birds, ya tattara hotunansa na Indiya da Niyu Gini da Malaya. Ba a ce hotunan nasa ba su ga hannu ba. Duk mai wanke hoto na wancan zamani yana yanke gefe, yana ƙara wa wani sashe haske, yana rage wa wani. Sai dai akwai nagatif a ajiye, wanda duk mai shakka zai iya ɗagawa ya duba a hasken rana. Loke ya rasu ran 20 ga Yuni 1964 a hatsarin jirgin sama kusa da Taichung ta Taiwan, bayan halartar bikin fina-finan Asiya.

Shamuwa biyu da alƙalamin kwamfuta

Fitowar manhajar Photoshop a 1990 da yaɗuwar kyamarar da ba ta buƙatar fim sun sauya lissafin. Madubi mai milimita 500 ko 600, wanda a da sai attajiri irin Loke, ya shiga hannun ma'aikata da 'yan fansho. Gyaran da a da ke cin yini a ɗakin duhu ya koma aikin minti biyar: a share reshen da ya gitta, a sauya sararin sama, a ƙara wa gashi launi, a mayar da hoton kamar zanen buroshi. Babu laifi a wannan a matsayin fasaha, kuma wasu daga cikin irin waɗannan hotuna suna da kyau ƙwarai. Matsalar tana tasowa ne idan hoton ado ya shiga rumbun shaida ba tare da an faɗa ba.

Kwarin Klang yana da misalin da ya fito da wannan fili. Akwai tsuntsaye biyu dangin shamuwa masu kama da juna. Ɗaya, Mycteria leucocephala, yana da baƙin ɗamara a ƙirji da gashi ruwan hoda wajen wutsiya. Mu kira shi mai-rini. Garkensa da ke yawo a tafkunan Kuala Lumpur da kewaye ya samo asali ne daga waɗanda gidan namun daji na Zoo Negara, da aka buɗe a 1963, ya bari suna tashi sakaka. Na biyu, Mycteria cinerea, fari ne kamar madara in ban da baƙin gashin fiffike da na wutsiya. Shi ne ɗan ƙasa na asali a kurmin gaɓar teku, kuma yana dab da ƙarewa: a dazukan Matang na jihar Perak an ƙidaya fiye da ɗari a shekarun 1980, amma zuwa 2005 ba su kai goma ba. Su biyun suna barbarar juna, kuma ana gane ruwa-biyun ne da 'yan alamu ƙanana, ɗan dishi-dishin baƙi a ƙirji ko shafin ruwan hoda da bai cika ba. Waɗannan alamu su ne ainihin abin da mai kwaskwarima ke gogewa don farin ya fito tas, ko ya ƙara musu ƙarfi don launin ya burge. Da taɓawa biyu sai ruwa-biyu ya zama tsantsar mai-madara a idon manazarcin da zai ga hoton a intanet bayan shekara ashirin, ya rubuta cewa an ga tsuntsun a wurin da bai taɓa sauka ba.

Manyan gasanni sun ɗanɗana irin wannan ruɗi ta wata fuskar. Gasar hoton namun daji da Gidan Tarihin Halittu na Landan ke shiryawa ta ƙwace babbar kyautar 2009 bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ke hoton na gida ne da aka horar, a 2018 kuma ta soke wata kyautar bayan masana sun yanke cewa dabbar da ke hoton gawa ce da aka cusa wa ciko. Shi ya sa irin waɗannan gasanni ke neman a miƙa ɗanyen fayil ɗin da kyamara ta fitar kafin gyara. Wannan fayil shi ya gaji nagatif.

Abin da ya shafe mu

Ƙasar Hausa tana da ɗaya daga cikin muhimman matattarar tsuntsayen ruwa a yankin Sahel, wato fadamun Haɗeja da Nguru, inda dinya da kirinjijiya ke haɗuwa da baƙin da ke ƙetaro Sahara daga Turai lokacin hunturu. Tafkin Nguru da mashigin Marma sun shiga jerin yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000. Madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 sun sauya yadda ambaliya ke isa fadamun, kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Gauraka, wadda tsofaffi suka saba gani garke-garke, ta yi wuyar gani a Nijeriya. Duk wanda zai rubuta tarihin wannan sauyi zai nemi hotuna masu kwanan wata da sunan wuri, kuma nasu na ƙasarmu ba su da yawa idan aka kwatanta da abin da Loke da 'yan Ƙungiyar Nazarin Halittu ta Malaya, wadda aka kafa a 1940, suka bari.

Rumbun namu yanzu ake gina shi. Shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya da cibiyar bincike ta Leventis da ke kusa da Jos ta fara a 2015 ya dogara ne da rahoton masu sa-kai, kuma idan ɗayansu ya ce ya ga tsuntsun da ba a saba gani ba a Dagona ko Baturiya, abin da masu tantancewa za su fara tambaya shi ne hoto. A ganin wannan marubuci, abin da ya kamata ƙungiyoyinmu su ɗauka tun yanzu bai wuce abin da Salim Ali ya koya wa Loke ba, da ƙari guda: wuri, rana, ɗanyen fayil a ajiye, sannan kalma ɗaya a ƙarƙashin duk hoton da aka yi wa kwaskwarima da ke sanar da mai kallo cewa an taɓa shi.