Sabuwar Kaledoniya: tsibiran Tekun Pasifik da wuraren da aka killace

Mai karatu, in ka duba taswirar duniya, ka kai idonka gabas da ƙasar Ostiraliya. Kimanin kilomita 1,500 daga gaɓarta za ka ga wasu tsibirai cikin Tekun Pasifik. Su ne Sabuwar Kaledoniya. Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta kowane ɓangare. Faransa ta kama waɗannan tsibirai a shekarar 1853, kuma har yanzu suna ƙarƙashinta, amma suna da gwamnati da majalisa nasu. Babban birninsu shi ne Numeya. Mazaunansu ba su kai 300,000 ba. Ƴan asalin ƙasar su ne al'ummar Kanak.

Yadda ƙasar take

Babban tsibirin dogo ne siriri. Tsawonsa kimanin kilomita 400 ne, faɗinsa kuwa wajen 50. Jerin duwatsu ya raba shi gida biyu. Mafi tsawo cikinsu shi ne dutsen Paniye, wanda ya zarce mita 1,600.

Waɗannan duwatsu su ne ke raba ruwan sama. Iska tana tasowa daga gabas ɗauke da hadari, sai ta ci karo da duwatsun, ruwa ya zuba a nan. Don haka gabas take da kurmi, yamma kuma take da fili da ciyawa, inda ake kiwon shanu. Lokacin zafi da ruwa yana kamawa daga watan Nuwamba zuwa Afirilu, kuma a cikinsa ne ake samun guguwa mai ɓarna.

Ban da babban tsibirin akwai ƙanana: Lifu, Mare da Uveya daga gabas, sai tsibirin Pen daga kudu.

Katangar murjani

Murjani wata ƙaramar halitta ce ta cikin teku, wadda ke gina wa kanta gida mai tauri kamar dutse. Shekara da shekaru, gidajen suka haɗu suka zama katanga mai tsawon kusan kilomita 1,600 kewaye da ƙasar. Katangar tana karya ƙarfin igiyar ruwa. Tsakaninta da gaɓa ruwa yana kwance, kifi yana hayayyafa. A nan ake samun kunkurun teku, da wata dabba mai suna dugon, ƴar'uwar ayun da ke cikin kogin Kwara.

Wuraren da baƙo kan ziyarta

A tsibirin Amede akwai hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 56. Tun 1865 fitilarta take nuna wa jiragen ruwa ƙofar shiga ta cikin katangar. A Numeya kuma akwai gidan al'adu na Cibawu, wanda aka buɗe a 1998 domin adana al'adun Kanak. An sa masa sunan shugabansu, Jean-Marie Tjibaou, wanda aka kashe a 1989.

Wuraren da aka killace

Killace wuri shi ne sa masa doka domin kada a lalata shi. Ga uku daga cikin manyansu:

1. Gandun dajin Shuɗin Kogi, a kudu, wanda aka kafa a 1980. A cikinsa akwai itacen kawori mai shekara kusan 1,000. Nan ne kuma mafakar kagu, tsuntsun da ba ya iya tashi sama, wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai a wannan tsibiri. Macen tana yin ƙwai ɗaya tak, karnuka da aladun daji kuwa suna hallaka su. Da aka rage waɗannan dabbobi cikin gandun, yawan kagu ya ƙaru.

2. Ɓangarori shida na katangar murjani da ruwan da ke bayanta. Hukumar UNESCO ta sa su cikin jerin kayan gadon duniya a 2008.

3. Gandun Tekun Murjani, wanda aka kafa a 2014. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita miliyan 1.3 ne, wato ya ɗan fi ƙasar Nijar baki ɗaya.

Al'ummar Kanak ma suna da tasu dokar tun kaka da kakanni. Akwai wuraren da sarakunan gargajiya ke hana su ko farauta a cikinsu. Filayen gargajiya kuma doka ta hana sayar da su.

Matsalolin da ake fuskanta

Babban arzikin ƙasar shi ne nikel, ma'adinin da ake haɗawa da ƙarfe domin kada ya yi tsatsa. An gano shi a 1864. Kafin a haƙo shi, sai an sare itatuwa an kwashe ƙasar saman dutse. In ruwa ya sauka, yakan kwashi jar laka zuwa koguna, daga nan zuwa teku. Lakar tana rufe murjani ya mutu, kifi ya ragu, masunta su rasa abinci.

Wutar daji ita ma tana cin fili mai yawa kowace shekara. Barewar da aka shigo da ita daga waje a 1870 ta yaɗu, tana cinye ƙananan itatuwa. Busasshen dajin da ke yamma, abin da ya rage daga cikinsa bai wuce kashi 2 cikin 100 ba.

Ka lura da girman asarar: kusan kashi uku cikin huɗu na tsirran wannan ƙasa babu irinsu a wani wuri. In ɗaya ya ƙare a nan, ya ƙare ke nan a duniya. Shi ya sa ake shinge abin da ya rage na dajin, ana rainon irin itatuwan gida, ana kuma tilasta wa kamfanonin haƙar ma'adinai su sake dasa itace inda suka gama aiki.