Sanda mai ƙafa goma: yadda gora ta yi sarauta a Dungeons & Dragons, da yadda aka sauke ta

1/ Wanda ya kalli Stranger Things ya ga yaran nan sun kewaye tebur suna jefa dayis suna ihu. Wasan sunansa Dungeons & Dragons, D&D a taƙaice. Kowa takobi da tsafi yake tunawa. Ni yau tarihin gora zan ba ku. E, sanda kawai. Ku biyo ni 🧵

2/ Ga wanda bai san wasan ba: babu kwamfuta a ciki. Mutum ɗaya ne alƙalin wasa, shi ke faɗa muku inda kuke, misali wani lungu mai duhu a ƙarƙashin ƙasa da ƙofa a hagu. Kowa da jaruminsa, sai ku faɗi abin da za ku yi. In akwai shakka a jefa dayis, irin na ludo.

3/ A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi daga wani ƙaramin gari, Lake Geneva, a jihar Wisconsin ta Amurka. Ƙananan littattafai uku a kwali, dala 10, bugun farko kwafi 1,000.

4/ A littafi na farko akwai jerin kayan saye. Bayan makamai da sulke sai ka ga kamar lissafin shagon unguwa: igiya ƙafa 50, zinare 1. Gora ƙafa 10, zinare 1. Turakun ƙarfe 12, zinare 1. Madubin ƙarfe 5, kwalbar mai 2, alfadari 20. Har da tafarnuwa, ƙwaya ɗaya zinare 5, saboda masu shan jini. Tafarnuwa ta ninka gora sau biyar 😂

5/ Abin lura: littafin bai faɗi amfanin gorar ba. Suna da farashi, shi ke nan. Kai za ka gano.

6/ Kuma dole ka gano, don jarumin farko ragon gaske ne. Sabon matsafi dabo ɗaya yake da shi a yini, ransa kuma jifan dayis ɗaya ne, tsakanin 1 da 6. Ramin tarko kuwa, duk wanda ya taka, in dayis ya ba da 1 ko 2 ya rufta. Faɗuwa ɗaya na iya zama jana'iza.

7/ Sai 'yan wasa suka koyi tafiya kamar mai lalube: a bubbuga ƙasa da gora, a tura murfin akwati daga nesa, a auna zurfin ruwa, a tsokani gunki a ga ko zai motsa. Madubi don leƙa kwana kafin ka miƙa wuya. Daga baya har garin fulawa ake watsawa a kama abin da ba ya ganuwa.

8/ Turakun nan ma da dalilinsu. A dokar 1974 ƙofofin can ƙasa a cije suke, sai dayis ya ba ka 1 ko 2 su buɗe, kuma suna rufe kansu bayan ka wuce. Dodanni kuwa da kansu suke buɗe musu. Zalunci wallahi. Sai ka kafe ƙofa da turke don ka samu hanyar gudu, duk da haka sau ɗaya cikin uku yana iya zamewa.

9/ Gudu ma yana da kaya. Dodo marar wayo in ya biyo ku, ku yar da guzuri, kashi 90 cikin 100 zai tsaya ci. Mai wayo kuwa dukiya za ku zubar masa. Ko ku kunna wa mai wuta a bayanku.

Duk wannan saboda yawancin maki daga dukiyar da kuka fito da ita yake zuwa, ba daga kisa ba. Faɗa asara ne. Alfadarin can ma na ɗauko kaya ne.

10/ Ƙololuwar zamanin gora ita ce Tomb of Horrors, kabarin tarkuna da Gygax ya kai taron Origins a 1975, aka buga shi a 1978. Lungun farko ramuka ne masu tsini da guba. A ƙarshensa akwai wata koriyar fuska da baki buɗe, baƙi ƙirin. Duk abin da ya shiga bakin ya ɓace har abada. Mai gora ya rasa gora. Marar gora ya rasa kansa.

11/ To me ya kashe ta? Ba dodo ba ne, doka ce. A 1975 ƙarin littafin Greyhawk ya kawo ajin ɓarawo, mai kwance tarko da jifan dayis. Zuwa 1978 gano tarkon ma ya zama aikinsa. A bugu na uku, 2000, ƙarƙashin Wizards of the Coast, bincike ya zama lamba a takardar kowane jarumi.

12/ A bugun 3.5 ma abin ya zama raha: tsani ƙafa 10 tagulla 5 ne, gora kuma azurfa 2, wato tagulla 20. Sayi tsani, ɓalle matakan, ka samu gora biyu ka sayar. Ɗan kasuwar Kwari ne kawai bai ji labari ba.

13/ Bugu na biyar, 2014: alƙali na iya duba lambarka ya ce ka hango tarko ba tare da ka ce komai ba. Matsafi yana kunna haske iya son ransa. Gora tana nan a jerin kaya, tagulla 5, amma ba mai waiwayarta.

14/ Kada in yi mata kara da yawa. Bubbuga kowane taku na awa uku gajiya ce, kuma wasu alƙalan sun mayar da wasan "ai ba ka ce ka duba rufi ba, ka mutu." Wanda ya gudu daga wannan ban ga laifinsa ba.

15/ Amma a ganina an yi asara. Da gora, ni ne nake tambayar ɗakin: wannan dutsen me ya sa ya fi sauran sheƙi? Da lamba, takardata ce ke tambaya, ni ina danna waya ina jiran sakamako. Mai ƙaramin jarumi da wayo ya rasa abin da zai fi mai babban takobi da shi.

16/ Shi ya sa wasu suka koma baya. A 2008 Matt Finch ya rubuta ɗan littafi yana kare tsohon salon. Knave na Ben Milton, 2018, ya soke azuzuwa gaba ɗaya: abin da ke jakarka shi ne kai. Shadowdark na Kelsey Dionne, 2023, ya ce wutar itacen da kuka riƙo awa ɗaya take ci, awa ta agogon gaske.

17/ Mun gwada wannan dokar da abokai a ɗakin kwana lokacin hutu, muka saita agogon waya. Muna tsaka da musu kan wa zai buɗe akwati, waya ta yi ƙara. Duhu. Mai takobi ya yi tsit. Wanda muka yi ta yi wa dariya don ya ƙarar da kuɗinsa a igiya da gora, shi ya ɗaure mu a jere ya lalubo mana ƙofa.