Hayayyafar Tsuntsun Zebra a Maƙwabtaka da Bajariga: Nazarin Sheƙa, Kuka da Cuta

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda zaman bajariga a kusa yake shafar hayayyafar tsuntsun zebra a hannun masu kiwo. Ta kafa hujja da cewa hayaniyar bajariga ƙaramar matsala ce idan aka gwada ta da ɓarnar da bakinta yake yi da kuma cututtukan da jinsunan biyu suke iya raba wa juna, don haka tazara da shinge su ne ginshiƙin nasarar kiwon.

Gabatarwa

Tsuntsun zebra, wanda masana suka daɗe suna kira Taeniopygia guttata, ɗan ƙaramin tsuntsu ne mai cin tsaba da bai wuce santimita 10 a tsawo da kimanin giram 12 a nauyi ba, kuma ana gane namijinsa da tabo ruwan goro a kumatu da zane baƙi da fari a maƙogwaro. Ita kuwa bajariga, wato Melopsittacus undulatus, 'yar ƙaramar aku ce dangin tsirya, wadda John Gould ya kai Ingila a 1840, tsawonta a daji ya kai santimita 18, nauyinta kuma kimanin giram 30. Dukkansu 'yan asalin busassun yankunan tsakiyar Ostareliya ne, inda suke cin tsabar ciyawa iri ɗaya, suke shan ruwa a tafki ɗaya, suke kuma shiga hayayyafa da zarar ruwan sama ya sauka ciyawa ta yi tsaba. Wannan kusancin asali ne yake sa masu kiwo da yawa su ɗauka cewa keji ɗaya zai ishe su, alhali faɗin daji ne yake raba su a can, kuma keji ba shi da wannan faɗin.

Sheƙa da baki

Tsuntsun zebra magini ne: namiji yana ɗebo ciyawa da gashin tsuntsu, ma'auratan su gina sheƙa mai rufi da ƙofa a gefe, galibi cikin ƙaya, sannan macen ta saka ƙwai 4 zuwa 6 waɗanda su biyun suke karɓa-karɓar kwanci a kansu na kusan mako biyu. 'Ya'yan suna barin sheƙa bayan kimanin mako uku, amma suna ci gaba da karɓar abinci daga bakin iyaye har zuwa wajen kwana 35. Bajariga ba ta gini ko kaɗan, domin a kogon bishiya take haihuwa, musamman bishiyar turare, kuma macen tana gyara kogon ne ta hanyar gwaguyar itacen da lanƙwasasshen bakinta. Wannan ɗabi'a ta gwaguya ba ta barinta a keji, saboda haka kwandon sheƙar zebra da aka saƙa da kara ko ciyawa ya zama mata abin wasa: tana zare ciyawar ɗaya bayan ɗaya, tana faɗaɗa ƙofar, wani lokaci ta leƙa ciki har ƙwai ya fashe ko ɗan tsuntsu ya faɗo ƙasa. Macen bajariga da ta shiga yanayin haihuwa ta fi namiji zafin hali a wannan fanni, domin kowane rami a wurinta wurin kwanci ne da ya kamata ta mallaka.

Ko da kejin daban-daban ne, idan an jingina su da juna haɗarin bai kau ba, domin bajariga mai hawa ce, tana bin raga da ƙafa da baki, kuma yatsun zebra da ya sauka a kan ragar da ke tsakaninsu sirara ne ƙwarai, cizo ɗaya ya isa ya datse su. Akwai kuma illar da ba ta barin rauni a jiki: ma'auratan da ake yawan firgitawa suna tashi daga kan ƙwai har ya yi sanyi, ko kuma su tula sabuwar ciyawa a kan ƙwan farko su sake saka wani a sama, ɗabi'ar da aka san zebra da ita musamman idan an bar masa kayan gini da yawa bayan ya fara kwanci.

Batun kuka

Zebra tsuntsu ne na taro, bai saba da shiru ba. Binciken da Waas da abokan aikinsa suka wallafa a 2005 ya nuna cewa kunna wa zebra sautin taron 'yan'uwansa yana sa a saka ƙwai da wuri kuma ya fi yawa, sai dai sautin jinsinsa aka yi gwajin da shi, don haka kuskure ne a miƙa sakamakon zuwa ga surutun bajariga. Ɗan zebra namiji yana koyon waƙarsa ne daga babban namiji, galibi ubansa, tsakanin kimanin kwana 25 zuwa 90 da ƙyanƙyashewa, kuma gwaje-gwajen Klaus Immelmann, wanda ya ba wani jinsin tsuntsu renon 'ya'yan zebra, sun nuna cewa mai reno ne yake tasiri a kan waƙa da zaɓin abokiyar zama. Muddin uban yana nan yana ciyarwa, maƙwabciyar da ake jin muryarta daga nesa ba ta da wannan matsayi.

Cuta

A nan ne kusanci ya fi tsada. Bajariga tana iya ɗauke da ƙwayar Chlamydia psittaci, mai haddasa zazzaɓin aku, ba tare da wata alama ba, kuma ƙwayar tana yaɗuwa ta ƙurar busasshen kashi da ta gashi, tana kama wasu tsuntsaye har da mutum, kamar yadda annobar 1929 zuwa 1930 ta tabbatar a Turai da Amurka. Haka nan Macrorhabdus ornithogaster, wani nau'in yis da ke zama a tumbin tsuntsu ya sa shi ramewa ko da yana ci, yana kama jinsunan biyu ta hanyar kashin da ya gurɓata abinci ko ruwa. Raga ba ta tare ƙura, shi ya sa kejin da aka ajiye a ƙarƙashin na bajariga ya fi kowanne muni.

Abin da ya dace ga mai kiwo shi ne ya ware wa zebra masu kwanci kejinsu, ya sa allo ko raga biyu masu tazara tsakaninsu da bajariga, ya raba musu kwanon gero da na ruwa, sannan ya killace duk sabon tsuntsun da ya sayo na aƙalla kwana 30 kafin ya kusantar da shi ga sauran.