Wasa ɗaya, suna biyu: tarihin jayayya a kan sunayen wasannin bidiyo

Hausawa na cewa suna linzami ne. A duniyar fatauci kuwa suna dukiya ne: wanda ya riga yi masa rajista a wata ƙasa, shi doka ta bai wa ikon amfani da shi a can. Sai dai wannan iko ba ya ƙetare iyakar inda aka yi rajistar. Tarihin wasannin bidiyo ya nuna yadda wannan ƙa'ida take sauya makomar aikin fasaha.

A shekarar 1986 kamfanin Enix na Japan ya fitar da wasan Dragon Quest, wanda Yuji Horii ya tsara, Akira Toriyama ya zana mutanen cikinsa. Wasan ya samu karɓuwa ƙwarai a gida. Da aka tashi kai shi Amurka a 1989, sai aka tarar da cikas: tun 1980 kamfanin SPI ya fitar da wani wasan tebur, na takarda da alƙalami, mai suna DragonQuest, daga baya kuma hakkinsa ya koma hannun kamfanin TSR. Tilas aka raɗa wa wasan Japan suna Dragon Warrior. Da wannan suna Amurkawa suka san jerin wasannin har 2005, lokacin da kashi na takwas ya fito da sunansa na asali. Haka ta faru ga wasan Biohazard na kamfanin Capcom a 1996. Akwai wata ƙungiyar mawaƙa ta birnin New York da kuma wani wasan kwamfuta masu wannan suna, sai aka kira shi Resident Evil a ƙasashen Yamma.

Manyan kamfanoni suna da halin sake suna su ci gaba da harkarsu. Ƙanana ne ke ji a jikinsu. A 2009 wani ƙaramin kamfanin Faransa, Mobigame, ya ga an janye wasansa Edge daga kantin Apple, saboda kamfanin Edge Games na Tim Langdell ya ce kalmar mallakarsa ce. Lamarin bai juya ba sai da Edge Games ya kai ƙarar babban kamfani Electronic Arts a kan wasan Mirror's Edge. A 2010 alƙali William Alsup na Kaliforniya ya ƙi amincewa da buƙatar mai ƙara, a 2013 kuma aka soke rajistar sunayen a Amurka. Kafin nan ƙaramin kamfanin ya yi asarar watanni na ciniki.

Wannan tarihi ya shafe mu. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, kuma rajista ɗaya ta wadatar a ƙasashenta goma sha bakwai. Nijeriya ba ta ciki. Ke nan matashin Maraɗi ko Damagaram da ya ƙirƙiri wasa da Hausa, ya kare sunansa a gida, bai kare shi a Kano ba, alhali can ne babbar kasuwar harshen take. Ya dace malamai da ƙungiyoyin al'adu su riƙa sanar da matasa masu ƙirƙira cewa binciken suna da rajistarsa suna zuwa ne kafin fitar da aiki.