Fiyar Turai da Hikori a Gabashin Amurka

Kalmar fiya a kasuwannin ƙasar Hausa tana nufin ɗan itacen nan mai laushi da maiƙo wanda asalinsa Meziko ne, amma itacen da Turawa suka fara kira da wannan suna dabam yake, domin shi dangin tuffa ne, ɗansa mai ruwa da zaƙi, siririn wuya mai faɗin gindi, kuma masana tsirrai suna kiransa Pyrus communis. Hikori mai ɓambararren ɓawo kuwa, wanda sunansa na kimiyya Carya ovata, doguwar bishiya ce ta dazuzzukan gabashin Amurka da kudancin Kanada, tana kai mita 25 ko fiye, ɓawonta yana tsagewa yana lanƙwashewa kamar tsumma a jikin kututture, 'ya'yanta kuma ƙwallo ne mai taurin ƙwanso da ƙwaya mai daɗi a ciki. Itatuwan biyu sun haɗu a gonakin gabashin Amurka tun ƙarni na 17, kuma bambancin kulawar da suke nema a yau ya samo asali ne daga irin zaman da kowanne ya yi da ɗan Adam kafin wannan haɗuwa.

Fiya ta daɗe a hannun masu lambu fiye da shekara 2,000, kuma tun zamanin Girkawa da Rumawa aka gane cewa idan aka shuka ƙwayarta, abin da zai fito ba ya gadon daɗin uwarsa, sau da yawa ma yakan fito da ƙaya da 'ya'ya masu bauri. Saboda haka aka dogara ga aure, wato yanko reshen bishiyar da aka yarda da ita a ɗaura shi a gindin wata har su haɗe, irin dabarar da ake samar da mangwaro ɗan aure da ita. A Faransa aka ƙware wajen aura fiya a gindin wani itace mai suna kwins, wanda yake hana ta tsawo ya kuma sa ta haihu da wuri, aka kuma riƙa miƙe rassanta a jikin katanga, kamar yadda mai lambu La Quintinie ya yi a lambun Sarki Louis na 14 a Versailles. A ƙarni na 18 wani limamin coci a garin Mons na Beljiyam, Nicolas Hardenpont, ya fitar da nau'o'i masu narkewa a baki kamar man shanu, wani mai suna Van Mons ya ɗora a kan aikinsa. Ke nan itacen da ya ƙetare teku zuwa Amurka ya riga ya saba da wuƙar manomi, ba ya kuma yin kyau idan aka bar shi da kansa.

Mafi tsufan shaidar wannan ƙaura tana nan da ranta a garin Danvers na jihar Massachusetts, wato fiyar da Gwamna John Endecott ya dasa a farkon rabin ƙarni na 17, wadda ta tsira daga guguwa da dama da kuma ɓarnar wasu da suka sassare rassanta a 1964. Nau'in da ya fi shahara a Amurka kuwa a Aldermaston ta Ingila aka samo shi, ana kiransa Williams, sai wani Enoch Bartlett ya mallaki wani lambu a Roxbury a 1817, ya tarar da itatuwan bai san sunansu ba, ya yaɗa su da nasa sunan, wanda ya bi su har yau.

Abin da ya sauya tarihin fiya a Amurka shi ne cutar ƙuna, wadda ke sa fure da danyen reshe su yi baƙi su lanƙwashe kamar wuta ta babbake su. An fara lura da ita a kwarin kogin Hudson wajen 1780, kuma sai wajen 1880 Thomas Burrill na Jami'ar Illinois ya danganta ta da bakteriya, wato ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, a lokacin da masana da yawa ba su yarda irin waɗannan ƙwayoyi suna kama tsirrai ba. Cutar ta ƙasar Amurka ce, fiyar Turai ba ta taɓa gamuwa da ita ba kafin zuwanta can, tana kuma bunƙasa inda bazara ke da ɗumi da laima, ƙudan zuma da ruwan sama suna kai ta daga fure zuwa fure. Wannan ne ya tura noman fiya na kasuwa zuwa busassun kwaruruka na yamma da ake yi wa ban ruwa, irin su Hood River da Medford a Oregon, da Wenatchee da Yakima a Washington. Neman magani ya yaɗa nau'in Kieffer na Philadelphia, ruwa biyu da fiyar Sin, mai jure cutar amma mai tauri da yashi-yashi a baki, ya kuma sa aka shigo da fiyar Callery daga Sin wajen 1917, wadda daga baya ta bazu a daji har jihar Ohio ta haramta sayar da ita a 2023. Har gobe mai fiya a gabas aikinsa datse rassa a lokacin sanyi, da yanke reshen da ya kamu tun daga ƙasa da inda ƙunar ta tsaya, da rage takin da ke sa toho mai laushi, da dasa nau'i biyu kusa da juna don furensu ya ɗauki ciki, sannan ya tsinke 'ya'yan tun suna da tauri, domin fiyar da ta nuna a kan uwa takan ruɓe daga ciki.

Hikori bai taɓa shiga lambu ta wannan hanya ba, ko da yake mutane sun ci moriyarsa dubban shekaru kafin zuwan Turawa. Sunansa ya fito ne daga kalmar mutanen Powhatan na Virginia, pawcohiccora, wadda John Smith na Jamestown ya rubuta a farkon ƙarni na 17, kuma asalinta sunan wani farin ruwa ne mai maiƙo da ake samu idan aka daka ƙwallon da ƙwansonsa a turmi aka tafasa, ƙwanson ya nutse, man ya taso. William Bartram ya bayyana a littafin tafiye-tafiyensa na 1791 yadda mutanen Creek suke tara ƙwallon da yawa suna dafa masara da wannan madara, kuma Cherokee suna yin irin wannan abinci har yanzu da sunan kanuchi. Dabarar dakan ta warware matsalar da ta gagari kasuwa daga baya, wato wahalar ɓare ƙwayar daga lungunan ƙwanso ɗaya bayan ɗaya. Matsayin hikori a wajen waɗannan al'ummomi ya yi kama da na kaɗanya da ɗorawa a gonakin Hausa, itacen da ba a cika shukawa ba amma ake ƙyale shi idan ana sassabe.

Turawan da suka zauna sun fi damuwa da katakonsa, wanda ya haɗa tauri da juriyar duka, don haka da shi aka yi ƙotar gatari da guduma, da sandunan ƙafar keken doki da na motocin farko, da sandar golf har zuwa lokacin da hukumar wasan a St Andrews ta amince da ta ƙarfe a 1929, itacensa kuma yana cikin mafi zafin garwashi, hayaƙinsa na ƙyafe nama. Sojojin Andrew Jackson sun laƙaba masa sunan itacen a 1813 saboda juriyarsa, ya kuma shiga fadar shugaban ƙasa da laƙabin a 1829.

Dalilin da ya hana hikori zama amfanin gona yana ƙarƙashin ƙasa, domin tsironsa yana fara tura uwar saiwa, wato doguwar saiwa guda mai nutsawa kai tsaye, har kusan mita ɗaya cikin shekara 3, alhali abin da ke sama bai wuce 'yan ganye ba, kuma idan aka tsinke ta wajen dashe sau da yawa tsiron ba ya tashi. Aurensa yana da wuya, wanda aka shuka daga ƙwallo ba ya haihuwa sosai sai ya kai shekara 40, ƙarfinsa yana tsakanin shekara 60 da 200, kuma yakan cika a wata shekara ya yi rowa a ta gaba. Ɗan'uwansa pikan ya sami wata makoma dabam bayan wani bawa mai aikin lambu da ake kira Antoine ya yi nasarar aura shi a gandun Oak Alley na Louisiana wajen 1846. Amma hikori, idan ya kafu, ba ya neman datsa ko feshi, iska ce ke kai masa garin fure, babban abin da ke ragewa mai shi amfani kuwa shi ne kurege da tsutsar ƙwallo. Fiyar da aka aura tana ba da 'ya'ya cikin shekara 4 zuwa 6 ta kuma nemi aiki duk shekara, don haka ita ce ta mai ƙaramin fili da ke son ya ci da bakinsa. Hikori kuwa na mai fili ne da zai shuka ƙwallon a inda bishiyar za ta zauna, jikokinsa su tsinta.