Jirgin buki da jirgin kullum: waiwaye a kan layin dogo a Nijar

Gabatarwa

A cikin wannan ƴar maƙala muna son mu bambanta abu biyu da akan haɗa: jirgin ƙasan da ake tayarwa rana ɗaya domin buki ko shan iska, da wanda ke ɗaukar ma'aikaci da ɗan kasuwa kowace safiya ya maido su da marece. Na farko Nijar ta gan shi. Tambayarmu ita ce: mi ya hana na biyu samuwa?

1. Dogon kaya, ba na mutane ba

Layukan da suka kusanci ƙasarmu a zamanin mulkin mallaka duka a waje suka tsaya. Na Ingilishi ya iso Kano a 1911, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930. Na Faransawa, da ya taso daga Kwatanu, ya tuƙe a Faraku a 1936, bayan kilomita 438, ya bar sama da kilomita 600 tsakaninsa da Yamai. In muka dubi taswira, sai mu ga ba yawan jama'a aka bi ba, amfanin gona aka bi. Gujiyar Maraɗi da Damagaram ta tashoshin Najeriya take fita, har Faransa ta kafa tsarin Hirondelle a shekarun 1950 domin manyan motoci su karkata ta zuwa Faraku. Hukumar OCDN ta 1959, wadda ta koma OCBN, ta gaji wannan aiki, amma ba ta shimfiɗa dogo a ƙasar Nijar ba. Ɗan cin rani kuwa sai ya ƙetare iyaka kafin ya shiga jirgi. A wannan tsari, shi ɗan rakiyar buhu ne.

2. Tafiye-tafiyen buki

Ran 7 ga Afrilu 2014 aka buɗe tashar Yamai, a gaban shugaba Mahamadu Isufu da takwarorinsa na Benin da Togo. A Janairu 2016 aka yi bukin layin Yamai zuwa Doso, mai kimanin kilomita 140, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa. Manyan baƙi sun hau, jama'a sun yi kallo. To amma tun a 2015 wata kotu a Benin ta tsaida aikin ɓangaren can, saboda rigimar haƙƙin kwangila da kamfanin Petrolin. Layin bai haɗu da Faraku ba, ke nan babu kayan tashar ruwa da za su biya kuɗin gyaransa, kuma jigilar yau da kullum ba ta biyo bayan bukin ba. Darasin a fili yake: tafiyar buki tana nuna cewa jirgi na iya motsi, ba ta nuna wa zai biya mai, albashi da gyara a rana ta biyu.

3. Sharuɗɗan jirgin kullum

Misalin Dakar yana da amfani a nan. Ƙaramin jirgin unguwannin bayan gari ya fara aiki a 1987 bisa tsohon dogon da ke akwai, a hanyar da dubban mutane ke bi kowace rana. Sai a Disamba 2021 aka buɗe TER, kilomita 36 zuwa Jamniyajo. Matafiya ne suka riga sabon dogo, ba shi ya riga su ba. A Yamai, jirgi zai yi takara da faba-faba da kabu-kabu, masu tsayawa inda mutum ya so. Ba zai rinjaye su ba sai da lokaci tsayayye da kuɗin shiga mai sauƙi.

A ganinmu, inda fata ta fi ƙarfi shi ne layin Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. A nan zirga-zirgar kasuwa da zumunta ta girmi iyakar kanta. Sai dai matsala biyu. Ta farko, faɗin dogon: milimita 1435 ne, alhali na Doso 1000 ne, don haka jirgi ɗaya ba zai bi su duka ba. Ta biyu, iyaka: an rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa daga 2023 zuwa Maris 2024. Wanda zai je Katsina da safe ya komo Maraɗi da marece ba zai dogara da jirgin da siyasa ko binciken duwan ke iya tsaidawa ba.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa kaya ne ke riƙe dogo, yawan matafiya da cika alkawarin lokaci su ke riƙe jirgin kullum. Muna ba ɗalibai shawara su fara da abin da ke hannu: su ƙirga masu tashi daga tashoshin mota na Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina, ranar kasuwa da sauran ranaku, da abin da suke biya. Da irin waɗannan alƙaluma ne za a san ko jirgin da ke tafe na jama'a ne, ko kuwa wani buki ne kawai.